Tarihin Bruce Lee, da abin da masu koyon faɗa a waya ya kamata su sani

'Yan uwana mazauna Kurmi: Ni ɗan Sabon Gari ne a Minna. Mahaifina fataucin shanu yake yi, yana saye a kasuwannin Mariga da Lambata yana lodawa Kudu. Tun ina sakandare nake bin tirela idan an yi hutu, mu bi ta Bida da Mokwa, mu haye Jebba, mu wuce Ilori da Badun har mu sauke a Ikko. Saboda haka ni ba baƙo ba ne a wajenku, na sha kwana a kara, na sha shayi a Agege.

Duk zangon da na sauka akwai abu ɗaya da nake gani: samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna kallon wani yana koyar da naushi da shuri, in an gama kowa ya miƙe yana kai wa iska duka. Ba dariya nake musu ba, don ni ma na yi. Ina shekara 17 na kai memori wajen mai tura finafinai a bakin kasuwa, ya cika min shi da finafinan Bruce Lee da bidiyoyin koyon kung fu. Na cika buhu da yashi na rataya a dalbejiyar bayan gidanmu, wata uku ina dukansa safe da yamma. Rannan na ce bari in gwada shurin nan da ake juyawa a sama. Siminti da danshi, ƙafa ta kwashe, na faɗi a kan hannu, wuyan hannun ya karye. Mai ɗori ya yi aikinsa, ni kuwa lodin Babbar Sallah na shekarar ya wuce ni ina zaune da hannu a ɗaure.

Cikin masu zuwa duba ni akwai wani dattijo mahauci da ke sayen shanu wajen mahaifina, tsohon ɗan dambe ne. Ya tambaye ni wanda ke koya min, na nuna masa waya. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in je in bincika ko shi wannan ɗan Cainan da nake kwaikwayo daga kallo ya koya. Wannan tambayar ce ta sa na shiga karanta tarihin mutumin, ga kuma abin da na samo.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Bruce Lee ranar 27 ga Nuwamba, 1940, a birnin San Francisco na Amurka. Sunansa na gida Lee Jun-fan. Mahaifinsa, Lee Hoi-chuen, sanannen ɗan wasan kwaikwayo mai waƙa ne na gargajiyar Caina, kuma yawon wasa ne ya kai shi Amurka tare da matarsa Grace Ho. A 1941 suka koma Hong Kong da jaririn, a ƙarshen shekarar nan sojojin Japan suka mamaye garin, ba su fita ba sai 1945. Ke nan da yaƙi da ƙuncin rayuwa ya buɗe ido.

Da yake ɗan gidan wasa ne, tun yana ƙarami ake sa shi a fim. Kafin ya kai shekara 18 ya fito a finafinai wajen 20. Amma a unguwa ba da fim aka fi saninsa ba, da rigima ne. Hong Kong a lokacin cike take da 'yan gudun hijira daga cikin Caina, gidaje a cunkushe, ga 'yan daba unguwa-unguwa. Yaron ga zafin kai, ga tsokana, karatun boko kuma bai dame shi ba. Sai da aka canza masa makaranta daga La Salle zuwa St. Francis Xavier.

Malaminsa na farko

Wannan ne wurin da masu kallo a waya ke tsallakewa. Bruce Lee yana da malami, kuma babba. Yana matashi ya shiga makarantar Ip Man, wanda da yawanmu mun san sunansa ta finafinan da aka yi a kansa daga 2008. Salon da Ip Man ke koyarwa ana ce masa Wing Chun: faɗa ne na kusa da kusa, naushi a miƙe ta tsakiya, ƙafa ba ta cika tashi sama ba. Babban atisayensu shi ne mutum biyu su manna hannuwansu da juna suna murzawa, kowa yana sauraron motsin ɗan uwansa ta fatar hannu, har jiki ya iya mayar da martani kafin ido ya gani. Ku duba da kyau, wannan abu ne da ba ya yiwuwa mutum ya koya shi kaɗai, ko bidiyo dubu ya kalla.

Ko a makarantar ma bai sha da daɗi ba. Da aka gano mahaifiyarsa tana da jinin Turawa, wasu ɗalibai suka ƙi yin atisaye da shi. Sai babban ɗalibin Ip Man, Wong Shun-leung, ya riƙa koya masa. Mu da muke zaune a garin mutane mun san zafin a ce maka kai ba ɗan gida ba ne. Shi tun yana yaro ya ɗanɗana, kuma a garinsu.

A makarantar boko wani malami ya koya masa damben zamani, har ya ci gasar damben makarantun Hong Kong a 1958. A wannan shekarar dai ya ci gasar rawar ca-ca ta garin. Kar ku raina rawar nan, don masu nazarin faɗansa na cewa sauƙin ƙafarsa da iya bin lokaci suna da alaƙa da ita. Yayansa Peter kuma gwani ne a wasan takobi irin na Turawa, abin da zai yi masa amfani daga baya.

Sai dai iya faɗa bai rage masa rigima ba. Faɗace-faɗacen titi suka yi yawa har 'yan sanda suka shigo ciki. Iyayen suka ga in aka bar shi, ko gidan yari ko kabari. A watan Afrilu na 1959 suka sa shi a jirgin ruwa zuwa Amurka, yana shekara 18, da dala 100 a aljihu. Faɗan titi bai ba shi suna ko kuɗi ba, raba shi da gida ya yi.

Zaman baƙunci

A Seattle ya zauna, yana aiki a gidan abincin wata mata mai suna Ruby Chow, yana kwana a saman shagon. Ya ƙarasa sakandare, ya shiga Jami'ar Washington a 1961, inda ya ɗauki darussan wasan kwaikwayo da falsafa, duk da bai kammala ba.

A nan ne matsalar da ta yi kama da tamu ta same shi. Ya bar gida bai sauke karatun Wing Chun ba, malaminsa kuma yana can ƙetaren teku. Babu waya mai bidiyo, babu intanet. To yaya zai yi? Abu biyu ya kama: littattafai da mutane.

Ta ɓangaren mutane, ya fara koyar da ɗan abin da ya sani ga abokai, a filin ajiye motoci da bayan gidaje. Ɗalibinsa na farko, Jesse Glover, baƙar fata ne kuma ɗan wasan judo. Da yawa cikin ɗaliban nan sun fi shi girman jiki, wasu sun yi dambe, wasu sun saba faɗan titi. Sai ya zamana yana koya musu suna koya masa. Duk dabarar da ya taho da ita daga Hong Kong sai ya gwada a jikin ƙaton Ba'amurke. In ta ci, ta zauna. In ba ta ci ba, ya gyara ta ko ya watsar. A 1963 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi kan kung fu, a 1964 ya auri ɗalibarsa Linda Emery, ya koma Oakland ya buɗe makaranta da abokinsa James Lee. A watan Agustan 1964 ne ya nuna naushin nan na tazarar inci ɗaya a gasar kareti ta Long Beach, aka fara jin sunansa.

Faɗan da ya canza masa tunani

A ƙarshen 1964 ya gwabza da wani malamin kung fu mai suna Wong Jack-man a Oakland, ƙofa a rufe, shaidu kaɗan. Har gobe ana jayayya a kan faɗan nan. Matarsa Linda ta ce dalili shi ne yana koya wa waɗanda ba 'yan Caina ba, kuma cikin kamar minti uku ya gama da mutumin. Shi Wong ya ce wannan ba shi ne dalili ba, kuma sun fi minti 20 suna yi. Abin da ya fito fili shi ne Bruce bai gamsu da kansa ba. Ya fito yana haki, faɗan da yake ganin zai gama cikin 'yan daƙiƙoƙi ya ja shi, salon da yake alfahari da shi ya gaza wajen bin mutumin da ke ja da baya.

Wani da sai ya yi ta cika baki ya ce ai na ci. Shi kuwa komawa ya yi ya zama ɗalibi. Ya kama gudu kullum, da tsallen igiya, da ɗaga ƙarfe, da kula da abin da yake ci. Sannan ya duƙufa karatu.

Yadda yake karatu

An ce littattafan da ya tara sun haura 2,500: na damben zamani, na kokawa, na wasan takobi, na gina jiki, na falsafa. Cikin waɗanda suka yi masa tasiri akwai littafin Jack Dempsey, tsohon zakaran damben duniya, wanda ya fito a 1950 kan yadda ake sa nauyin jiki a cikin naushi, da na Edwin Haislet kan damben zamani, da na Aldo Nadi kan takobi. Ba karatun jarida yake musu ba. Da biro a hannu yake yi, ya ja layi, ya rubuta a gefe, ya kwafe abin da ya ga zai yi amfani a littafinsa na daban.

Haka yake yi da majigi. Yakan sa faifan damben Muhammad Ali ya yi ta maimaitawa, yana kallon ƙafafunsa. Akan ce har ta madubi yake kallo, saboda Ali hagu yake sawa gaba, shi kuma dama, to madubi sai ya juya masa tsayuwar ta zo daidai da tasa. A nan akwai abin lura ga mu da muka san damben gargajiya. A wajenmu hannun da aka ɗaure, wato mashi, baya ake ajiye shi, garkuwa ce a gaba. Shi Bruce sai ya ɗauko tunanin masu takobi, ya sa hannu mai ƙarfi a gaba, don shi ya fi kusa da abokin gaba. Daga nan ya samo tushen abin da ya sa wa suna Jeet Kune Do a 1967, ma'ana tare harin mutum tun yana kan hanya.

Amma ko a wannan lokacin bai rufe kansa a ɗaki da takardu ba. Wajen Gene LeBell ya ƙaro dabarun kokawa da kamu, ya yi musayar ilimi da Jhoon Rhee gwanin taikwando kan shuri, ya kuma amfana da ɗalibinsa Dan Inosanto wajen sarrafa sanduna. Ya nace sai an sa safar dambe da hular kare kai an daki juna da gaske a atisaye, lokacin da yawancin makarantu ke tsayar da naushi kafin ya taɓa jiki. Tsarinsa ke nan: ya karanta, ya rubuta, ya gwada a jikin mutum mai ramawa.

A ɓangaren neman abinci, ya fito a shirin talabijin The Green Hornet daga 1966 zuwa 1967 a matsayin Kato, direban jarumin. Shirin bai yi nisa ba aka tsayar. Masu shirya finafinan Amurka ba su yarda ɗan Caina zai iya jan fim ba. Sai ya riƙa koyar da manyan mutane irin su Steve McQueen da James Coburn da Kareem Abdul-Jabbar, yana riƙe iyali da 'ya'ya biyu, Brandon da Shannon.

Ranar da atisaye ya kwantar da shi

Wannan ne ya fi taɓa ni. A watan Agustan 1970 yana atisaye a gida, ya ɗora ƙarfe mai nauyin kusan kilo 60 a kafaɗa yana sunkuyawa yana miƙewa, ba tare da ya fara ɗumama jiki yadda ya kamata ba. Jijiyar ƙasan bayansa ta samu rauni. Likitoci suka ce ya kwanta, har suka nuna masa da wuya ya koma shuri kamar da. Wata da watanni ya yi yana jinya, kuma ciwon bayan bai rabu da shi ba har ya bar duniya.

Ku yi tunani. Mutumin da ya fi shekara goma yana wannan harka, mai malamai, mai ɗaki cike da littattafai, sakaci na 'yan mintoci ya kwantar da shi. To ina ga ni da buhun yashi da siminti mai danshi? Da na karanta wurin nan sai na daina ganin karayata a matsayin tsautsayi kawai. Ganganci ne.

Bai ɓata lokacin jinyar ba. A kwance ya ci gaba da karatu da rubutu, kuma daga irin waɗannan rubuce-rubucen ne aka haɗa littafin Tao of Jeet Kune Do, wanda ya fito a 1975 bayan mutuwarsa. Ga mai son saye, a sani cewa tarin bayanan da mutum ya rubuta wa kansa ne, da yawa ma ya tsakuro su ne daga littattafan wasu. Wanda ya riga ya fara koyo zai ƙaru da shi, sabon shiga kuwa zai iya ruɗewa.

Shahara da mutuwa

Da Amurka ta ƙi ba shi dama, ya koma Hong Kong ya ƙulla da kamfanin Golden Harvest na Raymond Chow. The Big Boss ya fito a 1971, Fist of Fury da The Way of the Dragon a 1972. A na ukun nan ne ya gwabza da Chuck Norris, kuma shi ya rubuta labarin ya ba da umarni. Kowanne ya karya tarihin ciniki a Hong Kong. Sai ga Amurkawan da suka ƙi shi sun biyo shi da kansu, kamfanin Warner Brothers ya shiga aka yi Enter the Dragon.

Ranar 10 ga Mayu, 1973, ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, likitoci suka ce kumburin ƙwaƙwalwa ne. Ya farfaɗo ya koma aiki. Ranar 20 ga Yuli, 1973, ya yi kukan ciwon kai, aka ba shi wani maganin rage zogi, ya kwanta bai tashi ba. Shekararsa 32. Binciken hukuma ya danganta mutuwar da kumburin ƙwaƙwalwa sakamakon yadda jikinsa ya karɓi maganin. An binne shi a Seattle. Enter the Dragon ya fito bayan mutuwarsa, bai ga yadda duniya ta karɓe shi ba. Irin finafinan nan ne iyayenmu suka yi ta kallo a sinima, mahaifina har yau yana ba da labarin yadda ake fitowa kowa yana ihu yana shurin iska. Ɗansa Brandon shi ma ya mutu a 1993, a hatsarin bindiga wurin ɗaukar fim, kabarinsa na gefen na uban.

Abin da na ɗauka

Ga ƙanina da ke Sabo ko Mile 12 ko Lokpanta yana neman inda zai koya, ga abin da tarihin nan ya nuna min.

Ka fara da mutum. Mu Hausawa ba mu rasa malamai ba. Dambe sana'ar mahauta ce tun kaka da kakanni, kuma duk inda akwai kara da kwata a Kudu da wuya ka rasa tsohon ɗan dambe ko ɗan kokawa. Shagon da Ɗan Anace ya yi wa waƙa ba a waya ya koya ba. In kuma damben zamani ko judo ko taikwando kake so, ka je babban filin wasa na garin da kake ka tambayi masu horarwa. A Ikko akwai na Surulere, a Badun akwai filin da a da ake kira Liberty, inda Dick Tiger ya kare kambunsa na duniya a hannun Gene Fullmer a 1963.

Bidiyo da littafi su zo a bayan malami. Ka zaɓi abu ɗaya, kamar tsayuwa ko naushi miƙaƙƙe, ka kalla, ka rubuta, ka kai wa malaminka ya gani ya gyara. Bidiyo ba ta ganin ƙafarka ta karkace. Duk wanda ya ce zai mayar da kai gwani cikin sati biyu, data ɗinka yake so.

Abin da za ka iya yi kai kaɗai shi ne gudu, tsallen igiya, miƙa jiki, da gina numfashi. Shi ma ka ɗumama jiki tukuna, ka duba ƙasan da kake tsaye.

Na ƙarshe shi ya fi nauyi. Ku a garin mutane kuke. Naushi ɗaya a kasuwa ba ya tsayawa tsakanin mutum biyu, nan da nan sai a ce Hausawa ne da 'yan gari. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairun 2021, inda 'yar hatsaniya ta zama asarar rayuka da shaguna, mutane suka kwashe iyalansu suka yi Arewa. Bruce Lee ya samu iyayen da suka sa shi a jirgi ya tsira. Kai in ka tayar, masu shago da masu tura baro da ba su ji ba ba su gani ba ne za su biya. Wanda ya iya da gaske, a fili ake ganinsa, gaban alƙalin wasa.

Ni dai yanzu wajen dattijon nan nake zuwa da yamma idan ba mu yi tafiya ba. Wata biyu na farko bai bar ni na kai naushi ko ɗaya ba, tsayuwa da riƙe garkuwa kawai. Wuyan hannuna kuwa har yau yana min tsami in sanyi ya shigo. Allah ya tsare mana ku a inda kuke, ya ba da kasuwa.